Layin ƙirga a yadin ɗinkin gicciye: wanne ke fita, wanne ke zama

Assalamu alaikum ƴan'uwa, ina wuninku, ya muka ji da zafin Yamai?

Ku dubi wannan rigar matashin kai da ke hannuna. Furen ya yi kyau, ganyen ya zauna daidai. To bari in matso da ita kusa. Kun ga layukan nan masu ruwan ƙasa da suka ratsa farin yadin? Shekara uku ke nan suna nan, babu irin wankin da ba su sha ba. Don kayan ɗakin ɗiyar yayata na ɗinka ta, kunya ta hana ni kai ta, har yau tana gidana.

Ɗinkin gicciye, wanda a wuraren koyon sana'a za ku ji ana kiransa point de croix, aikin ƙirga ne. Yadin da aka fi yin sa a kai, Aida, saƙarsa gida-gida ce. Wanda ya fi yawa shi ne mai lamba 14, wato gida 14 a inci guda, kusan gida biyar da rabi a santimita. Takardar zanen kuwa, bayan kowane gida goma akwai layi mai kauri. Wannan layin ake maidowa kan yadi don ido ya huta. In babu shi, za ki kauce da gida ɗaya da hantsi, ba za ki gane ba sai bayan la'asar, lokacin da bakin fure ya ƙi haɗuwa. Daga nan sai kwance. Maza masu ɗinkin hula ku yi haƙuri, da mata nake yau, amma ku ma ku saurara.

To da me za a ja layin? Bik da fensir ba sa cikin maganar. Bik ba ya fita, fensir kuma yana shafa wa farin zare baƙi.

Wannan shuɗin alƙalamin shi ne ya cuce ni, ko in ce ni na cuci kaina. Tawadarsa ruwa ke narkar da ita, kuma yana da daɗin aiki: ki ɗora bakinsa a kan jerin ramuka ki ja, saƙar da kanta za ta riƙe miki hanya. Abin da ba ya so biyu ne, zafi da sabulu. Ni da na gama ɗinkin, na ga yadin ya yamutse, sai na zuba gawayi a dutsen guga na bi ta kansa kafin in jiƙa. Gugar ce ta dafa tawadar a cikin zaren. Da na ga haka na ruɗe, na tsoma shi a ruwan omo, shuɗin ya juye ya koma abin da kuke gani. Tsarin da ya dace shi ne ruwan sanyi zalla da farko, a tsoma yadin gaba ɗaya har layin ya ɓace, sannan sabulu, guga a ƙarshe. Ɗiga ruwa a kan layin kawai ba ya isa, tawadar na guduwa gefe, in ya bushe ta sake leƙowa. Kuma da na ce ruwan sanyi, na randa nake nufi. Ruwan pampo da azahar a watan Afrilu, kowa a garin nan ya san yadda yake fitowa. Haka nan kar ki bar aikin a bakin taga rana ta gasa shi.

Akwai ɗan'uwansa mai ruwan hoda ko shanshanbale, wanda ke ɓacewa da kansa cikin ƴan kwanaki. Iska mai laima na hanzarta shi, don haka a tsakiyar damina kina iya jan layi yau, jibi ki neme shi ki rasa. Ya dace da ƙaramin aiki na zama ɗaya. Zanin gado da zai ci wata uku, ba nasa ba ne.

Sai wanda ƴan mata suka fi yayi, alƙalamin Frixion na kamfanin Pilot. Ki bi da dutsen guga a kai, layi ya ɓace kamar sihiri. Amma fa don takarda aka yi shi. Tawadar ba fita take ba, launinta ne ke ɓuya in zafi ya kai wajen digiri 60, sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili kuma ya dawo da shi. Ga ƙyallen da na goge jiya ya kwana a wurin ƙanƙara na firigo, ku gani, layukan sun dawo reras. Za ki ce mu ina muka ga irin wannan sanyin? Haka ne. Matsalarmu ta ɗaya ɓangaren ce: ki bar jaka cikin mota a rufe da rana tsaka, ki dawo ki tarar layin da kika ɓata awa guda kina ja ya tafi. A yadi mai duhu kuma yakan bar wani farin sawu.

Yadi mai duhu ma ba ya buƙatar duk wannan. Guntun sabulun da ya siranta, ko allin tela, sun wadatar, sai dai hannu na goge su, dole a riƙa sabuntawa.

Yanzu ga abin da nake yi tun ranar da rigar nan ta lalace: ba na jan layin, ɗinka shi nake da zare. Zaren fatsa, irin na masuntan bakin kogi, siriri, mai launi in an samu. Me ya sa ba zaren keke ba? Zaren keke sili-sili ne, allura na iya ratsa tsakiyarsa, ki ɗinke shi da aikinki, ranar zarewa ya ƙi fita. Mai launin ja kuma yakan bar gashi a farin yadi. Zaren fatsa sili ɗaya ne mai santsi, allura mai dakusasshen baki, lamba 24, zamewa take ta gefensa. Ba ruwansa da rana, ba ruwansa da gumin hannu.

Ki ninka yadin gida huɗu ki samo tsakiya. A gefen takarda akwai ƴan kibiyoyi da ke nuna tsakiyar zanen, kuma ba lallai ta faɗa kan layi mai kauri ba, sai ki ƙirga daga nan zuwa layin da ya fi kusa, shi ne na farkonki. Allura ta bi ta cikin ramuka: gida shida a sama, huɗu a ƙasa, shida a sama, huɗu a ƙasa, kowace shiga da fita goma ke nan. A bakin yadi ki bar jela kamar tsawon yatsa, ki ƙulla ta sako-sako, kar ki ja har yadin ya tattare.

Gaskiya yana cin lokaci. Zane mai gida 140 tsawo da faɗi zai ba ki santimita 25 da ɗoriya a yadi mai lamba 14, ki ƙara biyar-biyar a kowane gefe. Layi 15 a tsaye, 15 a kwance, talatin ke nan. Ni nakan ba shi yamma guda, ina ji da rediyo. Layin farko kuma sau biyu nake ƙirga shi, don in ya karkace duk na bayansa sun bi shi.

Ga wannan da na gama shekaranjiya. Almakashi a bakin ƙulli, na yanke. Na danne yadin da tafin hannun hagu, na kama jelar da dama, na ja a hankali. Ku saurari ƙarar, suuu. Ya fita. Saura ashirin da tara.