Ina man zai nufa gobe? Lacca kan malalar ɗanyen mai a teku

Assalamu alaikum, jama'a, sannunku da zuwa. Ku duba wannan taswira da ke allo, ta Mashigin Tekun Meziko ce. A nan ne dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe ranar 20 ga Afrilun 2010, ma'aikata 11 suka rasu, rijiyar kuma ta yi kwana 87 tana aman mai daga zurfin kusan mita 1,500. Kullum gari ya waye, masunta da hukumomin jihar Luwiziyana ta Amurka tambaya ɗaya suke yi: ina man zai nufa gobe?

Hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da harkokin teku da yanayi, ce ke amsawa, da wata manhaja mai suna GNOME. Yadda take aiki ba wani tsafi ba ne. Ana ɗaukar man a matsayin dubban ɗigo a cikin kwamfuta, kowane ɗigo ruwan teku na jan sa, iska na tura shi. To ga inda nake so ku buɗe kunne. Man da ke saman ruwa yana tafiya da kusan kashi 3 cikin 100 na gudun iska. Iska mai kilomita 30 a awa kenan za ta kai shi sama da kilomita 20 kafin gobe warhaka. Idan masu hasashen yanayi suka kuskure alkiblar iska ko da kaɗan ne, shingen tare mai da aka shimfiɗa a kan ruwa a bakin wannan gaɓa ya tashi a banza, man ya sauka a waccan.

Shi ya sa hasashen ba ya wuce awa 72, kuma kowace rana sai a sake shi daga inda jirage da tauraron ɗan'adam suka hango man. A taswirar har da wani layi da ake zagayawa, wanda ke cewa: nan ma yana iya kaiwa. Ni a ganina wannan layin ya fi sauran taswirar daraja.

An ji tsoron babban ruwan nan mai gudu da ake kira Loop zai kwashi man ya kai Fulorida. Sai wani ƙaton zagayen ruwa ya ɓalle daga jikinsa, hanyar ta yanke.

Wani ya tambaye ni ɗazu game da gida. A Disambar 2011, kusan ganga 40,000 suka malala a filin Bonga, kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta. Lissafin ɗaya ne, amma da zarar mai ya shiga ƙoramun da ruwa ke hawa yana sauka a cikinsu sau biyu a rana, dole sai an auna kowane lungu da kansa.