Na yi wa Hajjo kishiya, ta yi yajin cin abinci

Assalamu alaikum mutanen Maraɗi, 'yan Mokoyo ina gaishe ku daga Liyon ta ƙasar Faransa. Ku yi haƙuri da muryata, raɗa nake yi don kar in tada masu gida. Kun ga ƙofar nan a rufe? Akwai baƙi biyu a bayanta, yau kwanansu 16.

Wata tsohuwa maƙwabciyata aka kai gidan kula da tsofaffi, ba a karɓar dabba a inda ta tafi, sai 'yarta ta roƙe ni in riƙe mussoshinta biyu. Ranar Lahadi suka shigo, na sa musu Ladi da Ɗanladi. Manya ne, shekara huɗu-huɗu. Ni kuma ga nawa mussoshin, Hajjo mai shekara 13 da Maigari mai 11, kun san su.

Ranar farko na tafka wauta. Na buɗe kwando tsakiyar falo, wai a gaisa. Hajjo ta bankare, gashin bayanta ya miƙe, ta yi wani huci da ban taɓa ji ba. Maigari ya shige ƙarƙashin gado, da dare ya tsula mini fitsari a katifa. Ita kuwa Hajjo ta juya wa kwanonta baya har kwana biyu. Nan hankalina ya tashi, don likitan dabbobi ya ce mussa, musamman mai ƙiba irinta, in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse na iya taruwa a hantarta.

Na kira Inna ta WhatsApp ina ba ta labari. Dariya ta yi har da tari, ta ce, "Ke da kika yi wa uwargida kishiya har biyu ba sallama, ba kayan faɗar kishiya, me kike jira?" Wallahi abin da likita ya faɗa ke nan da Faransanci, shi dai kuɗi ya karɓa.

A gidanmu can, muzuru baƙo ya haura katanga, a yi gurnani, wanda aka fi ƙarfi ya haye soro ko ya faɗa gidan maƙwabta, magana ta ƙare. Nan ɗaki biyu ne a hawa na huɗu. Ina za a gudu?

Sai na koma farko. Na ware wa baƙin ɗakin nan da ruwansu da abincinsu. Mussa da hanci take fara sanin ɗan uwanta kafin ido. Gogar kumatu da kuke gani tana yi a ƙafar kujera, warinta take shafawa, shaida ce cewa wurin nata ne. Don haka kullum nakan goga tsumma a kumatun Ladi in ajiye kusa da inda Hajjo ke kwanciya, in kai nata can. Kwana huɗu tana yi wa tsumma huci kamar ya ci mata bashi. Rana ta biyar ta sunsuna ta wuce. Daga nan na fara ba su abinci lokaci guda, waɗannan ta nan, waɗancan ta can, ƙofa a tsakani, kullum ina matso da kwanonin kaɗan. Kuma uwargida nake fara zuba wa, in ji Inna.

An yi wa baƙin gwajin jini saboda cutar nan mai karya garkuwar jikin mussa, wadda cizo ke yaɗawa. Ba ta kama mutum. Lafiyarsu lau.

Bari in juya kamara ku ga abin haushi. Akwatin bayan gida mai rairayi har biyar! Kowace mussa nata, a ƙara ɗaya. Ni 'yar Maraɗi, inda rairayi ke shiga har cikin tuwo, yau ni ke sayen shi a buhu ina hawa bene da shi. Kar wanda ya gaya wa Baba.

Jiya Hajjo ta cinye abincinta taku ɗaya daga ƙofa, Ɗanladi na zuro hannu ta ƙasa, ko kallo bai ishe ta ba. Yau zan buɗe kaɗan in sa raga, su ga juna minti biyar. Maigari dai har yanzu...

To, ga ta nan ta farka tana harara ta. Bari in ɗauko kwano.