Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Farfesan Nazarin Halayyar Ma'aikata

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban jami'a, shugabannin tsangayoyi da sassa, 'yan uwana malamai, ɗalibanmu, da kai babban baƙonmu Farfesa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. A madadin sashenmu na nazarin gudanarwa, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, yawancin ɗaliban da ke zaune a nan a takarda suka san ka. Sun karanta rubuce-rubucenka, wasu har sun amsa tambayoyi a kansu a jarrabawa. Yau Allah ya nuna musu kai ido da ido.

Fagen da ka ba wa rayuwarka ya taso ne daga wata tambaya da masu masana'antu suka daɗe suna yi: me ke sa ma'aikaci ya yi aiki da zuciya ɗaya? Daga 1924 zuwa 1932 an gudanar da gwaje-gwaje a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Chicago a Amurka. An fara da ƙara hasken fitila da rage shi don a ga ko yawan aikin da ake yi zai canza, daga baya aka zauna ana sauraron ma'aikata fiye da 20,000. Har gobe masana na jayayya kan yadda masanin nan Elton Mayo da abokan bincikensa suka fassara sakamakon, amma tun daga nan aka daina kallon ma'aikaci a matsayin hannu biyu kawai.

Abin da ya biyo baya ya fi tayar da hankali. Binciken Whitehall da aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnati a Landan, wanda sunan Michael Marmot ya shahara da shi, ya nuna cewa mazan da ke ƙasan matakin aiki suna mutuwa kusan ninki 3 na waɗanda ke sama. Mutane na zaton manya ne damuwar aiki ke kashewa, sai ga shi wanda ake ɗora wa kaya ba a ba shi ta cewa ba shi ya fi shan wuya. Wannan ya yi daidai da abin da Robert Karasek ya bayyana a 1979, cewa yawan aiki haɗe da rashin ikon yanke shawara su ne ke cinye mutum. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 sun rasu da shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Duk wanda ya ji wannan adadi ba zai sake ɗaukar iliminka a matsayin ado ga ofis ba.

Akwai wani bincike da nake son ɗalibanmu su riƙe. Lokacin da Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta nazarci ma'aikatan asibiti, ta tarar da cewa rukunan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi kai rahoton kurakurai. Dalili shi ne ba sa jin tsoron faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in ya san za a ci mutuncinsa, bakinsa zai kama, ruwan ya ci gaba da zuba.

A nan ne muke ganin tasirinka, Farfesa. A duniyar jami'o'i ana auna masani da yawan waɗanda suka ambaci aikinsa, musamman tun da masanin kimiyya Jorge Hirsch ya fito da ma'auninsa na ƙirga irin wannan ambato a 2005. Ma'aunin yana da amfani, kuma ba ka da abin jin kunya a kansa. Sai dai ba ya ƙirga ɗaliban da ka yaye, waɗanda yanzu suke koyarwa da irin tsantsaninka, suna hana nasu ɗaliban yanke hukunci kafin su tattara hujja. Ba ya ƙirga shugaban ofishin da ya karanta aikinka, washegari ya tambayi ƙaramin ma'aikacinsa ra'ayi kuma ya saurare shi har ƙarshe. Mu wannan ne ya sa muka gayyace ka.

Muna da roƙo guda. Mafi yawan binciken wannan fage an yi shi ne kan masu albashi a Turai da Amurka, alhali Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna a 2018 cewa mutum biliyan 2, wato fiye da kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan duniya, ba su da rajista ko takardar kama aiki. Ɗalibanmu suna son su ji daga bakinka yadda za a nazarci wanda ba shi da ofis, ba shi da hutun shekara, ba shi da inda zai kai ƙara. Sun shirya tambayoyi da yawa, muna fatan za ka yi haƙuri da su.

Ranka ya daɗe, bismillah, fili naka ne.