Sharhi: Halayyar yara ma aikin nas da likitan unguwa ne

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Yaron da aka haifa a Zariya, in dai iyayensa na bin ƙa'idar rigakafi, zai bi ta hannun ma'aikacin lafiya aƙalla sau 6 kafin ya cika shekara 2: lokacin haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9 da wata 15. Ana ɗora shi a sikeli, a yi masa allura, a rubuta a kati. Abin da ba a cika yi ba shi ne a dubi uwar a tambaye ta: yana kallon fuskarki in kina ba shi nono? Yana waiwayowa in an kira sunansa? Ke fa, kina samun barci? Ra'ayinmu shi ne duba halayya da lafiyar ƙwaƙwalwar yara ya shiga cikin aikin yau da kullum na nas, ungozoma, malamin asibiti da likitan da ke ganin kowa da kowa, amma da iyaka bayyananniya da kuma mai sa ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 1 cikin kowane matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori kan fara ne kafin shekara 14. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, waɗanda suka ƙware kan yara kuwa 'yan ƙalilan ne. Mu nan muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Sai dai uwar da ke Soba ko Giwa ko Kudan ba za ta biya kuɗin mota zuwa Shika don ɗanta ba ya zama wuri ɗaya ba, balle ta yarda a ce ta kai shi asibitin mahaukata. Asibitin unguwa take zuwa, ta ce ciwon ciki ne ko ciwon kai. In ba a gane ba a can, sai kemis, sai mai magani, ƙarshe a ji an kai yaro gidan mari. Ba mu manta da ɗaruruwan yara da manya da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa.

Tsarin aikin yana nan a rubuce. Tun 1991 Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP a 2008, littafin jagoransa na da babi guda kan yara da matasa, an kuma rubuta shi ne domin ma'aikacin da ba ƙwararren ƙwaƙwalwa ba. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Saura aiwatarwa a ɗakin duba marasa lafiya.

Mataki na farko a aikin, kuma nan ne nas da likita suka fi kowa amfani, shi ne a duba jiki kafin a yanke hukunci kan hali. Da yawa daga abin da ake kira taurin kai ciwo ne da ba a gano ba. Yaron da ake duka don ba ya ji, sau da yawa da gaske kunnen ne ba ya ji: ya daɗe yana zubar da ruwa, ko sanƙarau ya taɓa shi, ko an haife shi da shawara mai tsanani ba a yi maganinta da wuri ba. Gwajin bai fi minti 2 ba ga yaron da ya iya magana: a tsaya bayansa nisan miƙa hannu, a toshe kunne ɗaya, a raɗa masa lambobi ya maimaita, sannan a juya ɗaya kunnen.

Yarinyar da malamai ke cewa tana yawan tafiya tunani a aji, a tambaya ko tana ƙamewa ne na ɗan lokaci, idonta a buɗe, ba ta amsawa, sannan ta ci gaba da abin da take yi ba tare da ta san abin da ya faru ba. Wannan wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayar da mutum, yakan ɗauki daƙiƙa 5 zuwa 15, ya kuma maimaita sau da yawa a rana. Likita na iya fito da shi ta hanyar sa ta numfashi da ƙarfi na minti 3, amma ba a yi wa mai sikila ko ciwon zuciya wannan gwaji. Shi kuma yaro mai farfaɗiya da aka ɗora kan fenobabiton, sai ya koma ƙiriniya da saurin fushi, a fara zargin maganin kafin a zargi tarbiyya. Ba a yanke shi rana ɗaya, domin farfaɗiyar na iya dawowa da ƙarfi. Likita ne zai sauya shi sannu a hankali.

Fitsarin kwance ba a ɗaukarsa matsala sai yaro ya kai shekara 5. Kafin a ce komai, a gwada fitsarin: sukari, ƙwayoyin cuta, da jini, saboda tsargiya ga masu wanka a rafi. A tambaya ko yana daɗewa bai yi bayan gida ba, domin cikakken hanji na danne mafitsara. Masu sikila kuwa ƙodarsu na fitar da fitsari mai yawa, don haka abin ya fi yawa a cikinsu, kuma ba a rage musu shan ruwa. Kiran yaro amalala a gaban ƙannensa bai taɓa busar da tabarma ba, sai dai ya ƙara masa tsoro da ɓoye-ɓoye.

A duba ƙarancin jini, tsutsar ciki, yunwa, da minshari mai yanke numfashi, domin yaron da bai yi barci mai kyau ba da rana ƙiriniya yake yi. A tuna da dalma. A Zamfara a 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400, amma ɗan kaɗan ɗinta da ba ya kisa yana rage fahimta yana ɓata hali, don haka a tambaya ko ana fasa tsofaffin batura a gidan, da irin tozalin da ake sa wa jariri. Yaron da ya rikice kwatsam tare da zazzaɓi, yana sambatu, wannan na gaggawa ne. A gwada cizon sauro, a duba sanƙarau, kada a tsaya ana cewa iska ce.

Mataki na biyu shi ne bibiyar girma, kuma a layin rigakafi ya fi sauƙi. Jaririn da bai riƙe wuyansa ba a wata 4, bai zauna ba a wata 9, ba ya waiwayowa ga sunansa a wata 12, bai yi tafiya ba ko ba ya nuna abu da yatsa a wata 18, bai haɗa kalmomi 2 ba a shekara 2, duk a tura su a ƙara dubawa. Mafi girman alama ita ce yaro ya rasa abin da ya riga ya iya, kamar ya fara magana sannan ya daina. Maganar nan ta "babansa ma bai yi magana da wuri ba" ta jawo wa yara masu galahanga da masu matsalar ji asarar shekarun da koyarwa ta fi kama su.

Ita ma uwar a duba ta. Maijegon da ke cikin ciwon damuwa ba ta iya wasa da jaririnta, kuma hakan na bayyana a girmansa. Tambaya 2 sun isa farawa: cikin sati 2 da suka wuce, kina jin baƙin ciki kusan kullum? Abubuwan da kike jin daɗinsu sun fita daga ranki? In ta amsa da e, ungozoma ta zauna da ita. Wadda ta daina barci gaba ɗaya, tana maganganu marasa kan gado a makonnin farko na jego, ranar za a tura ta wurin ƙwararre, tare da wani babba da zai kula da jaririn.

Sai ƙiriniya. Ba kowane yaro mai tsalle-tsalle ke da lalura ba. Kafin a ce lalura ce, sai ta kai wata 6, ta fara kafin shekara 12, ta bayyana a wuri 2 aƙalla, misali gida da makarantar boko ko Islamiyya, kuma tana hana shi karatu ko zama da 'yan uwa. In a wuri ɗaya kaɗai take, a binciki wurin: ko ana cin zalinsa, ko ba ya ganin allo, ko gidan ne ba lafiya. Abin da nas za ta koya wa iyaye ba ya buƙatar ko kwabo. Minti 10 a kullum ana wasa da yaron ba faɗa ba gyara. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a kusa, ido cikin ido, maimakon ihu daga ɗaki zuwa tsakar gida. A yaba nan take, a kuma faɗi abin da aka yaba. In ya yi laifi, a zaunar da shi gefe minti 1 ga kowace shekara ta rayuwarsa, ɗan shekara 5 minti 5. Barci awa 10 zuwa 13 ga mai shekara 3 zuwa 5, awa 9 zuwa 12 ga ɗan firamare, a kuma raba shi da waya kafin kwanciya.

Wuri 2 wannan shiri ke rushewa. A kwanakin farko halin yakan ƙara muni, domin yaron na gwada ko da gaske ake, sai iyaye su ce abin ba ya aiki su koma ga bulala. Dole a gaya musu wannan tun ranar farko, a kuma ba su ranar dawowa bayan sati 2. Na biyu, a gidan yawa uwa na hanawa kaka na bayarwa, uba kuma bai san an yi ba. Don haka a gayyaci maigida ko kakar a zama na biyu, a yi musu bayani cikin girmamawa.

Matashi kuwa a ba shi minti 5 shi kaɗai, bayan an nemi izinin iyaye, a kuma faɗa masa za a riƙe sirrinsa sai dai in ransa na cikin haɗari. A tambaye shi barci, makaranta, abokai, sholisho, kodin da tiramadol. A tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin feshi da tarin ƙwayoyi daga inda zai kai hannu, a tura shi ranar. Yaran da suka tsere wa hare-hare a ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari na zuwa da firgita cikin barci da komawa fitsarin kwance. Kada a tilasta musu ba da labarin abin da suka gani. A mayar da su makaranta, a daidaita musu lokacin ci da barci. Inda aka ga alamar fyaɗe ko azabtarwa, Jihar Kaduna na da dokar kare yara ta 2018, kuma aikin ma'aikacin lafiya ne ya rubuta abin da ya gani ya sanar da jami'an walwalar jama'a.

Iyakar magani ita ce abin da muka fi jin tsoro a kai. Faɗaɗa aiki ba lasisin rubuta ƙwaya ba ne. Ba a ba yaro diyazefam ko lagatil, magunguna masu sa barci, don ya zauna lafiya. Suna kwantar da shi ne kawai, ga kasala, ga ƙagewar wuya da harshe da lagatil kan jawo. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 6 maganin ƙiriniya, na sama da haka ma sai da sa idon ƙwararre. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12 maganin damuwa a asibitin unguwa. Ga matashi, bayan an gwada zama da shawara ba a ga sauƙi ba, fuluoksetin ne ake amfani da shi bisa shawarar ƙwararre, a riƙa ganinsa kowane mako a watan farko, domin a lokacin ne tunanin cutar da kai kan iya ƙaruwa.

Abin da kan kashe irin wannan shiri sananne ne. A yi bita ta kwana 5 a otal, a raba takardar shaida, shi ke nan. Bayan wata 3 an yi wa nas ɗin canjin wurin aiki, wanda ya gaje ta bai san komai ba. Rajistar asibiti ba ta da gurbin rubuta matsalar halayya, don haka a ƙarshen wata rahoto ya nuna babu ko ɗaya, mai kasafi kuma ya ce babu buƙata. Ma'aikaci ɗaya ga dogon layi ba zai iya zaman minti 20 da kowa ba. Mafita ita ce tambayoyi 3 ko 4 a layin rigakafi, wanda aka ga alama a kansa a ba shi rana ta musamman a mako, da yamma lokacin da layi ya ragu.

Kira ga hukumar kula da lafiya matakin farko ta Jihar Kaduna, wadda ke da mazaɓu 255 a ƙarƙashinta: a horar da mutum 2 a kowane asibiti, ba ɗaya ba. A haɗa kowane rukunin asibitoci da likita ɗaya a Shika ko Barnawa da za a iya kira a waya, ya kuma riƙa zuwa sau ɗaya a wata ya duba katunan yara 5 ko 6 tare da ma'aikatan. A sa wannan darasi a makarantun koyon jinya da na kiwon lafiya, ɗalibai su yi shi a kan yara na gaske kafin su fita. Takardar turawa kuma ta ƙunshi shekarun yaro, lokacin da abin ya fara, abin da aka duba, da duk maganin da ya sha, har na gargajiya da na kemis. A ƙasanta a bar gurbin da ƙwararren zai rubuta amsa uwar ta dawo da ita, domin nas ɗin unguwa ce za ta ci gaba da ganin yaron bayan an dawo daga Shika.