Me ya sa mai busa saksofon ya taɓa kansa?

Ku dakata, a ɗan mayar da hoton bidiyon makaɗan jaz ɗin nan baya. Kun ga abin da mai saksofon ɗin nan ya yi? Ya ɗaga hannu ya taɓa kansa sau biyu. Ba ciwon kai ke damunsa ba, ba kuma hularsa ce za ta faɗi ba. Magana ya yi wa abokan kiɗansa, kuma duk sun ji shi.

Tambayar da ake ta yi kwanan nan ita ce: in da gaske makaɗan jaz nan take suke ƙirƙirar abin da suke bugawa, ta yaya mutum biyar, waɗanda wasunsu yau suka fara ganin juna, za su tashi tare su sauka tare? Wasu na cewa ai kowa nasa kiɗan yake yi. Wasu kuma na cewa sun yi gwaji a ɓoye, wasan kwaikwayo kawai suke yi mana. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Ga ɗakin dai kuna gani. Ɗan ƙarami, haske dishi-dishi, tebura dab da dandali har kana jin numfashin mai busa. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka haifi wannan kiɗa a New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma a irin waɗannan ɗakuna ya girma. Kulob ɗin Village Vanguard na birnin New York yana nan tun 1935, Ronnie Scott's na Landan tun 1959. To, mu je ga abin da ya kawo mu.

Ku saurari minti na farko da kyau. Wannan karin da ake busawa yanzu, wanda za ka iya bi da baki, rubutacce ne, kowa a dandalin ya san shi. Makaɗan na kiransa kan waƙa. A ƙarƙashinsa akwai abin da kunne bai cika lura da shi ba: jerin haɗe-haɗen sauti da mai fiyano da mai bes suke bi ɗaya bayan ɗaya. Bes shi ne ƙaton kayan kiɗan nan mai igiya huɗu da ake rungumewa a tsaye.

Wannan jerin yana da tsawo ƙayyadadde. Ku ƙirga tare da ni: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Gaɓa ɗaya ke nan. Waƙoƙi da yawa na jaz gaɓa 32 ne, an raba su kashi huɗu, kowane kashi gaɓa 8. Kashi na farko, a maimaita shi, sai na uku ya zo da wani launi dabam, na huɗu ya koma irin na farko. In ana yin bugu 120 a minti, zagaye ɗaya ya ɗan haura minti guda. Salon kiɗan da ake kira bulus (blues) kuwa gaɓa 12 ne kacal.

Nan ne fa mutane ke ɓacewa. Idan kan waƙa ya ƙare, mai saksofon ya shiga nasa, sai a ɗauka an watsar da waƙar. Ba a watsar ba. Karin kawai aka ajiye, amma jerin nan na ƙasa yana ci gaba da juyawa, daga gaɓa ta 1 zuwa ta 32, a sake komawa ta 1. Abin da yake busawa sabo ne fil, bai taɓa busa shi haka ba, gobe ma ba zai maimaita ba. Sai dai kowane sauti da ya zaɓa yana auna shi da inda jerin ya kai a daidai wannan lokacin. Yana iya yin zagaye biyu, yana iya yin biyar, amma a bakin zagaye zai miƙa wa na gaba.

Ku gwada da kanku. Ku riƙe karin farkon nan a zuci, ku ci gaba da rera shi a hankali yayin da yake busa. Kun ji? Yana zama daram a kan abin da mai bes yake yi. Ranar da na fara gane wannan, sai na ji kamar an buɗe mini taga a ɗakin da na daɗe ina zaune. Shi ya sa ni a ganina, in ka shiga kulob ɗin jaz, ka fara ba mai bes kunnenka. Ba shi ne fitila ta fi haskawa ba, amma shi ke riƙe da hanya.

Baƙi kuma fa, da ba su taɓa haɗuwa ba? Akwai ɗaruruwan tsofaffin waƙoƙi da makaɗan jaz suke haddacewa. Misali, jerin waƙar "I Got Rhythm" ta George Gershwin, ta 1930, an ɗora masa sababbin waƙoƙi masu tarin yawa. A daren da aka buɗe dandali ga kowa, mutum zai hau ya faɗi sunan waƙa da matakin sautin da yake so, a ƙirga huɗu, shi ke nan. Haka ake yi a kulob ɗin Minton's Playhouse da ke unguwar Harlem ta New York a farkon shekarun 1940, inda Thelonious Monk ke kan fiyano, Kenny Clarke ke kan ganguna, su Dizzy Gillespie da Charlie Parker na leƙowa cikin dare. A irin waɗannan darare bibop, wani salon jaz mai sauri, ya kankama.

Tafin da kuka ji yanzu a tsakiyar waƙa ba kuskure ba ne. In mutum ya gama nasa zagayen, ana tafa masa nan take, kiɗa kuma bai tsaya ba. Kada ku ji kunya, ku tafa.

Yanzu ku kalli wannan, shi na fi so. Mai saksofon ya yi gaɓa huɗu, ya yi shiru, mai ganga ya amsa da huɗu. Mai fiyano huɗu, mai ganga huɗu. Kamar masu hira suna karɓe zance daga bakin juna. Dubi yadda mai gangar yake murmushi, an jefo masa wata ya cafe. Duk wannan musayar a cikin gaɓa 32 ɗin nan take gudana, ba wanda ya fita daga lissafi.

Ga hannun nan ya sake tashi. Ya taɓa kansa. Ma'anarsa, zagayen nan in ya ƙare, a koma kan waƙa. Ku ƙirga: saura gaɓa huɗu, uku, biyu, ɗaya. Ga karin farko ya dawo, su biyar a lokaci guda.