Ciwon Kai Bayan Allurar Gadon Baya

Assalamu alaikum masu kallo. A asibitocin Garwa, Marwa da Ngaundare da ke arewacin Kamaru, mata da yawa da ake yi wa tiyatar haihuwa ba a sa su barci. Allura ake yi musu a gadon baya, wadda ma'aikatan jinya ke kira rashi, sai jiki ya daina jin zafi daga ƙirji zuwa ƙafafu, uwa tana ido biyu har ta ji kukan jaririnta. Hanya ce mai kyau ƙwarai, amma wani lokaci tana barin ciwon kai mai tsanani, kuma a kansa za mu yi bayani.

Ƙwaƙwalwa da lakar baya suna cikin wani ruwa garai-garai wanda fata mai ƙarfi ta lulluɓe, kuma a jikin baligi ruwan bai wuce kimanin mililita 150 ba. Allurar rashi dole ta huda wannan fatar. Idan hujin bai rufe da wuri ba, ruwan zai dinga zurara kamar salkar da ƙaya ta soka, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da ke tallafe ta, ta ɗan sauko tana jan jijiyoyin da ke kewaye da ita. Ita kuwa allurar peridiral, wata allurar gadon baya da ake yi don rage zafin naƙuda ko tiyata, ba a nufin ta huda fatar, sai dai tana da kauri, don haka idan ta huda bisa kuskure, fiye da rabin waɗanda abin ya shafa sukan kamu da ciwon. Likitan Jamus August Bier, wanda ya fara yin tiyata da wannan hanya a 1898, ya sa an gwada a jikinsa, ciwon kan ya kwantar da shi kwana 9.

Alamar da ta bambanta shi da sauran ciwon kai ita ce wannan: mai jego ta tashi zaune za ta ba jariri nono, cikin 'yan mintuna goshi da ƙeya su ɗauki sara, wuya ya ƙage, kunne na ƙara, haske na damun ido, da ta mayar da kai kan matashi sai abin ya lafa. Yakan fara cikin kwana 5 bayan allurar, galibi a rana ta ɗaya ko ta biyu, wani lokaci kuma sai bayan an sallame ta, ana tsakiyar shirin suna. A nan ne ake yawan cewa zazzaɓin cizon sauro ne, ko iska, ko gajiyar haihuwa, mace ta yi ta wahala a ɗaki alhali abin yana da magani.

Yawanci yakan warke da kansa cikin mako 1 zuwa 2. Kwanciya tana rage zafin, haka ma farasitamol, shan ruwa isasshe da ɗan kofi ko shayi, amma babu wanda ke toshe hujin a cikinsu. Idan ciwon ya hana uwa zama ta kula da jaririnta, likitan sa barci yakan ɗebi jininta, kimanin mililita 15 zuwa 20, ya zuba kusa da hujin, jinin ya daskare ya toshe shi. Sirarar allura mai baki irin na fensir kuma tana rage aukuwar matsalar tun farko.

Yankinmu yanki ne na sanƙarau, kuma hawan jini na iya kama mace ko bayan ta haihu. Saboda haka idan ciwon kai ya zo da zazzaɓi, jijjiga, ruɗewa, gani biyu-biyu ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko kuma bai lafa ba duk da kwanciya, a mayar da ita asibiti nan take, a kuma gaya wa likita ranar da aka yi mata allurar gadon baya.