San Patrignano: Ƙauyen da Ake Barin Ƙwaya a Koma Aji

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa ƙasar Italiya, kan wasu tuddai kusa da birnin Rimini, inda wani ƙauye yake mai suna San Patrignano. Galibin mazaunansa mutane ne da shaye-shaye ya ɗaiɗaita wa rayuwa.

Vincenzo Muccioli ne ya kafa wurin a 1978, lokacin da hiroyin ke cinye matasan Italiya. Daga lokacin zuwa yau sama da mutum 26,000 sun zauna a can, kuma ba a karɓar ko sisin kwabo daga hannunsu ko na iyayensu.

To me ya bambanta shi da sauran wurare? Kun san akwai masu hali da ke hawa jirgi zuwa Tailan ko Afirka ta Kudu, su kwanta wata guda a cibiya mai tsada. Jiki kan wanku, ba shakka. Amma yaron da ya bar makaranta tun yana ƙarami, ranar da ya dawo gida ba takarda, ba sana'a, ga abokan da suka saba sha tare suna jiransa a majalisa. Nan ne akasari ake komawa ruwa. Shi ya sa a San Patrignano zaman kan kai shekara 3 zuwa 4.

Ranar da mutum ya shigo, sai a haɗa shi da wani wanda ya riga shi zuwa, wanda shi ma ya sha wannan wahala. Tare za su kwana, tare za su ci abinci, tare za su tafi wurin aiki. In ƙishirwar ƙwaya ta taso masa da tsakar dare, wanda ke kusa da shi ya san yadda take, don ya ɗanɗana.

A cikin ƙauyen akwai asibiti, saboda masu yi wa kansu allura da yawa kan zo da ciwon hanta ko cutar ƙanjamau. Akwai kuma makaranta, kuma ni a ganina nan ne zuciyar tsarin take. Magidanci mai shekara 30 zai zauna a aji ya ƙarasa karatun da ya watsar, ya zana jarrabawa, wasu har jami'a. Ku duba abin da hakan ke nufi: mutumin da a da ake cike masa takardar neman aiki, yanzu shi ke karanta takardar likita da kansa, shi ke rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa. Ana kuma koyon sana'a: gashin burodi, yin cuku, saƙa, kafinta, kiwon dawaki. Baƙi daga waje kan zo su ci abinci a gidajen abincin ƙauyen su sayi kayansu, ɗalibai kan kawo ziyara, kuɗin cinikin kuma na taimakawa wajen riƙe wurin, tare da gudummawar masu bayarwa. A ƙasar Suwidin ma wasu sun ga tsarin sun ɗauka, aka buɗe wata cibiya irinsa mai suna Basta a 1994.

Sai dai akwai tabon da bai kamata a ɓoye ba. A 1980 'yan sanda sun tarar da wasu matasa ɗaure da sarƙa a wurin. Kotu ta samu Muccioli da laifi a 1985, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. A 1989 kuma aka yi wa wani mazauni dukan da ya yi ajalinsa. Muccioli ya rasu a 1995, kuma har gobe Italiyawa na gardama a kansa.

Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, saboda sun rasa inda za su sa kansu. Kuma binciken da aka gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, daga wiwi zuwa tiramol da kodin.

Don haka in za ku kai ɗanku ko ƙanenku wata cibiya, a gida ne ko a ƙetare, ku tambaya: akwai likita a wurin? Akwai aji da malami? Wace sana'a zai fito da ita? Wace hukuma ke sa ido a kansu? Ku nemi a nuna muku ɗakin da zai kwana, ku kuma yi magana da waɗanda ke ciki ba a gaban ma'aikata ba.